Kyanwar 'yata ta jawo mata kaluluwa, maigida ya ce a fitar da ita

Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara 8. Wata uku da suka wuce wata ƙawata ta ba ta 'yar kyanwa, suka shaƙu har kusan tare suke kwana. A watan jiya kyanwar ta yakushe ta a bayan hannu, wurin ya yi ɗan ƙurji, ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Bayan kamar mako biyu sai kaluluwa ta fito mata a hammata, ga zazzaɓi ga kasala. Likita ya duba ta ya ce ciwon yakushin kyanwa ne, ya rubuta mata magani na kwana 5. Zazzaɓin ya sauka, amma kaluluwar tana nan. Yanzu maigida ya ce lallai a fitar da kyanwar, domin mahaifiyarsa tana zaune tare da mu kuma tana da ciwon suga, ga kuma ƙaramin ɗanmu mai shekara 2. Yarinyar sai kuka take yi, tana cewa laifinta ne don ita ta ja mata wutsiya. Jiya da na yi ƙoƙarin saka kyanwar a kwali ta cije ni a gindin babban yatsa, yau ya ɗan kumbura yana zogi, amma ramin ɗan mitsitsi ne. Shin kaluluwar za ta baje? Kyanwar za ta ci gaba da sa mana cuta? In rabu da ita ne, ko in roƙi maigida?

Daga wata uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi.

Abin da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki kamar ba wani abu ba, shi ya fi tayar min da hankali, shi ya sa tun ranar da saƙonki ya iso na amsa miki a keɓe cewa ki tafi asibiti ba tare da jiran wannan amsar ba. Ina maimaitawa a nan saboda sauran masu karatu. Kaluluwar yarinya likita ya gan ta, tana kan hanyar warkewa. Yatsanki kuwa babu wanda ya duba shi, kuma cizon kyanwa a hannu ba ya jira.

Ƙanƙantar ramin ita ce take yaudarar mutane. Fiƙar kyanwa siririya ce mai tsini kamar allura. Tana shiga ciki sosai, ta ajiye ƙwayoyin cuta kusa da gaɓa ko jijiyar da ke motsa yatsa, sai fatar ta rufe a kansu nan da nan. Jini bai zuba ya wanke wurin ba, ruwa da sabulu ma ba sa kaiwa can ƙasa. Cizon kare ya fi muni a ido saboda yana yaga nama, amma na kyanwa ya fi saurin ruɓa. A bakin mafi yawan kyanwoyi, har da lafiyayyu masu tsabta waɗanda ba sa fita ko ƙofar gida, akwai wata ƙwayar bakteriya da ake kira Fasturela, wadda aka sa wa suna don tunawa da masanin nan na Faransa, Louis Pasteur. Ita kyanwar ba ta yi mata komai. A jikin mutum kuwa, cikin awa 12 zuwa 24 wurin zai yi ja, ya kumbura, ya riƙa zogi fiye da girman ciwon. Wannan shi ne daidai abin da kika kwatanta. A shekarar 2014 likitocin asibitin Mayo Clinic na Amurka sun fitar da binciken da suka yi kan mutum 193 da kyanwa ta ciza a hannu. Kusan 1 cikin kowane 3 sai da aka kwantar da shi, kuma yawancin waɗanda aka kwantar sai da aka yi musu aiki aka buɗe wurin aka wanke. Cizon da ya faɗa kan gaɓa ko wuyan hannu shi ya fi kai mutum ga gadon asibiti, kuma gindin babban yatsa gaɓa ce.

Idan kin je, ki faɗa wa likita ƙarara cewa kyanwa ce, ki faɗi ranar da lokacin. Wannan bayanin yana canza maganin da zai rubuta, domin wasu magungunan da aka saba bayarwa don ƙurji ko miki a fata ba sa kama Fasturela sosai. Wanda aka fi amfani da shi shi ne amoksilin haɗe da kilabulanet, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Augmentin, amma likita ne zai zaɓa, musamman idan jikinki ba ya karɓar fenisilin. Don Allah kada ki sha ragowar maganin yarinya, kada kuma ki sayi wani da kanki. Za a tambaye ki yaushe rabonki da allurar tetanus. Yawanci ba a ɗinke irin wannan ciwon. Ki cire zobe idan akwai tun kafin kumburin ya kama shi, ki riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji. Ki zagaye iyakar jan da biro, don gobe ki ga ko ya wuce layin. Idan ya wuce, ko kika ga jan layi yana hawa dantse, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, ko zazzaɓi ya zo, ki koma ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma maganar ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana ɗauka. Shi ba bakteriya ba ne, amma ba a maganar cizo a tsallake shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a wanke wurin cizo da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ma'aikacin lafiya ya yanke hukuncin ko za a fara allura. Ga inda wannan ya shafi shawarar maigida: idan kyanwa ta ciji mutum, ana sa mata ido kwana 10. Idan ta cika kwanakin nan lafiya ƙalau, an san babu cutar a yawunta ranar da ta yi cizon. Idan kuka yar da ita yau, kun jefar da hanyar samun wannan tabbacin. Saboda haka ko me za a yanke a ƙarshe, kwana 10 ɗin nan tana gida.

Yanzu ga yarinya. Ciwon da likita ya faɗa sananne ne, wani likitan yara a birnin Faris mai suna Robert Debré ya bayyana shi a 1950, amma sai a farkon shekarun 1990 aka gano ƙwayar da ke jawo shi, wato Batonela. Yadda ya zo mata haka yake zuwa: ɗan ƙurji a wurin yakushi bayan kwana 3 zuwa 14, sannan bayan mako 1 zuwa 3 kaluluwa ta tashi a wurin da ya fi kusa. Yakushi a hannu, hammata ko gwiwar hannu. A fuska, wuya ko gaban kunne. A ƙafa, matsematsi. Yara ya fi kamawa. Binciken da hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta fitar a 2016 ya nuna ana samun kimanin mutum 12,000 da ciwon kowace shekara a ƙasar, kimanin 500 ne ake kwantarwa, kuma 'yan shekara 5 zuwa 9 su ne kan gaba. 'Yarki tana tsakiyar waɗannan shekarun, shekarun rungumar dabba da sumbatarta da jan wutsiya.

Kaluluwar za ta baje in Allah ya yarda, sai dai tana da nawa. Wata 2 zuwa 4 ba abin mamaki ba ne, wani lokacin ma ta ɗan wuce haka. Maganin kwana 5 ɗin, wanda yawanci azitromaisin ne, yana taimaka mata ta fara raguwa da wuri, ba ya share ta cikin mako guda. Don haka kada ki ce magani bai yi aiki ba ki shiga neman wani. Ki riƙa gasa mata wurin da tsumma mai ɗumi idan yana ciwo. Kada a matse, kada a tsaga. Idan ta yi laushi ta tara mugunya, likita yana zuƙe ta da allura, wannan ya fi tsagawa saurin warkewa. Kuma ba ta shafa wa kowa: ƙaninta zai iya cin abinci da ita, ya kwana kusa da ita. Wanda ya yi ciwon sau ɗaya da wuya ya sake yi.

Amma ina so ki riƙe waɗannan a ranki, domin a ɗan kaso kaɗan na masu ciwon ƙwayar tana wuce kaluluwa ta taɓa ido, ko hanta da saifa, ko ƙwaƙwalwa. Idan yarinya ta ce tana ganin dishi-dishi da ido ɗaya, ko zazzaɓi ya dawo ya ƙi tafiya, ko ciwon ciki ya dame ta, ko ciwon kai mai tsanani, ko ta rikice, ko ta yi jijjiga, a mayar da ita asibiti nan take. Haka kuma idan kaluluwar tana ƙara girma maimakon raguwa, ko ta yi tauri kamar dutse, ko wasu suka fito a wani wurin, ko yarinya tana ramewa tana gumi da dare. Tarin fuka da wasu cututtukan jini suna iya zuwa da kaluluwa, kuma samun kyanwa a gida ba ya hana a sake dubawa.

Sai babbar tambayarki. Maigida ba shi da laifi da ya ji tsoro. Ya ga 'yarsa a kwance, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙaramin yaro, ya nemi hanya mafi kusa. Ni dai ra'ayina, korar kyanwa a nan barin jaki ne a daki taiki. Jakin shi ne ƙuma.

Ƙuma, ƙaramin ƙwaron nan mai tsalle da ke ɓuya a gashin dabba, ita ce ke ɗaukar Batonela daga wannan kyanwa zuwa waccan. Tana shan jinin kyanwa mai ƙwayar, ta yi kashi a cikin gashi, kuma ƙwayar tana rayuwa kwanaki a cikin wannan kashin. Kyanwa ta yi susa, kashin ya maƙale a ƙarƙashin faratanta. Ta lashe jikinta, ya shiga bakinta. Ranar da ta yakushi yarinya, shi ta cusa mata a fata. Kimanin kashi 40 cikin 100 na kyanwoyi suna ɗauke da ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsu, yawancinsu ba tare da wata alama ba, kuma 'yan ƙasa da shekara ɗaya sun fi yawan ɗauka, sun kuma fi yawan yakushi. Taki 'yar ƙarama ce. Idan ta girma kuma aka raba ta da ƙuma, haɗarin yana raguwa ƙwarai.

Ki gwada wannan da kanki. Ki shimfiɗa farar takarda da kika ɗan jiƙa, ki taje gashin kyanwar a kai, musamman wuya da gindin wutsiya. Idan baƙaƙen ɗigo suka zubo sannan suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jan kuwa jinin da ta sha ne. Ki kira maigida ya gani da idonsa. Sannan ki gaya masa cewa ƙumar da ke jikin dabba kaɗan ce a kan abin da ke cikin gida. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan yana zubowa a shimfiɗa da kujera da tsagar ƙasa, ya ƙyanƙyashe a can. Idan aka fitar da kyanwa aka bar su, za su tashi da yunwa su nemi jini mafi kusa, wato ƙafafunku. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Abin yi shi ne a kai ta wurin likitan dabbobi. Zai auna ta, ya ba da maganin ƙuma daidai da shekarunta da nauyinta, yawanci irin wanda ake ɗigawa a ƙeya sau ɗaya a wata, ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya yi mata rigakafin haukan kare idan lokacinsa ya yi. A ci gaba da maganin ƙuma aƙalla wata 3 a jere, domin waɗanda ke cikin ƙwai su fito su tarar da shi. A wanke shimfiɗarta da zannuwan gadon yarinya da ruwan zafi, a riƙa share ƙarƙashin gado da kujeru. Ina roƙonki da babbar murya: kada a shafa mata maganin ƙumar kare, kada a fesa mata maganin sauro ko na kyankyaso. Da yawansu suna da sinadarin da za ki ga an rubuta permethrin a jikin kwalba, kuma yana kashe kyanwa bayan ya sa ta karkarwa da jijjiga. Haka farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Ba a kuma ba lafiyayyar kyanwa maganin kashe bakteriya don a wanke mata jini daga Batonela, domin ba ya tabbatar da an kawar da ƙwayar, kuma wurin ɗura mata shi ne ake samun wani sabon cizon.

Game da Hajiya, ciwon suga ba ya haramta zama da kyanwa, amma yana sa miki ya daɗe bai warke ba, kuma wanda ya daɗe da shi sau da yawa ƙafarsa ba ta jin ciwo sosai. Kyanwa kuwa ƙafa take bi, ta goga jiki, ta kai wa yatsu cafka cikin wasa. Hajiya za ta iya samun yakushi ba ta sani ba. A hana kyanwar shiga ɗakinta, a riƙa duba mata ƙafafu da yamma, kada a bar kyanwa ta lashi wani miki a jikinta. Idan cizo ya same ta, komai ƙanƙantarsa, asibiti a ranar, ba sai ya kumbura ba. Da a ce kin gaya min akwai mai cutar HIV da garkuwar jikinsa ta yi ƙasa a gidan, ko mai karɓar maganin ciwon daji, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko wanda aka cire wa saifa, ko mai sikila wanda shi ma saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata, da na fi tsanantawa. A irin waɗannan mutane Batonela tana iya fito da jajayen ƙuraje masu jini a fata ta kuma taɓa hanta, sannan akwai wata ƙwayar ta bakin kare da kyanwa, Kafnosaitofaga, da ke iya shiga jinin marar saifa ta kwantar da shi cikin kwanaki kaɗan. Su ana ba su shawarar su guji 'yar ƙaramar kyanwa, in za su riƙe to wadda ta haura shekara ɗaya, bayan sun yi magana da likitansu.

Shi kuwa ɗan shekara 2, abin da na fi ji masa shi ne kashin kyanwa, domin komai ya taɓa baki yake kaiwa. Ƙwayoyin cutar Salmonela da Kamfilobakta, masu sa gudawa da ciwon ciki da zazzaɓi, ta nan suke fitowa, musamman daga 'yar kyanwa mai zawo, ko mai cin ɗanyen nama, ko mai farautar ɓera da tsuntsu. A ajiye mazubin kashinta inda yaro ba ya kaiwa, nesa da wurin girki. A kwashe kullum, babba ya kwashe, ya wanke hannu da sabulu. A dafa duk naman da za a ba ta, a ware mata kwanonta, kada ta hau inda ake yanka ko zuba abinci. Idan kina da juna biyu ko kina sa rai, wani ya karɓi aikin kwashewar, saboda wata cutar daban da ake kira tokzofilasma wadda ke iya taɓa ɗan tayi. Kuma kada a bar yaron shi kaɗai da kyanwa, don bai san bambancin shafa da shaƙewa ba tukuna.

Kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, a karin magana kawai take. Kowace kyanwa tana da farce da fiƙa, kuma taki ta cije ki ne don ta tsorata da kwalin, ba don mugunta ba. Nan gaba idan za a ɗauke ta zuwa wurin likita, a lulluɓe ta da tawul mai kauri tukuna, ko a sa abinci a cikin kwalin a bar ta ta shiga da kanta. Likitan dabbobi zai nuna muku yadda ake rage tsinin farcen ba tare da an taɓa naman ciki ba. Cire faratan gaba ɗaya kuwa azaba ce, kuma ba a nuna yana hana wannan ciwon ba.

Ki samu maigida a lokacin da hankalinsa ke kwance. Kada ki fara da kukan yarinya, zai ji kamar ana auna lafiyar mahaifiyarsa da son ran yaro. Ki fara da cewa tsoronsa yana kan hanya, sannan ki kawo masa tsari: kwana 10 na sa ido saboda cizonki, zuwa wurin likitan dabbobi a cikin makon nan, maganin ƙuma wata 3, kyanwa ba ta kwana a gadon kowa, ba ta shiga ɗakin Hajiya. Ki nemi ya ba da wannan wa'adin. Idan zai iya raka ki wurin likitan ya yi tambayoyinsa da bakinsa, ya fi. Ki kuma ji ta bakin Hajiya ita kanta, domin da sunanta ake maganar.

Idan kuma kuka duba kuka ga ba za ku iya ɗaukar wannan hidimar ba, ko babu likitan dabbobi da za ku iya kaiwa gare shi, to gaskiya rabuwa ta fi a riƙe ta da ƙuma a gidan da ke da tsohuwa mai suga da ƙaramin yaro. Amma a ba wanda zai kula da ita, a gaya masa abin da ya faru, kada a kai ta wani wuri a saki. 'Yar kyanwar da ta saba da gida ba ta iya ciyar da kanta, kuma ƙumarta za ta koma jikin wasu. Ko an bayar da ita, gidan sai an yi masa wankin da na faɗa.

Ita kuma yarinya, ki zaunar da ita ki gaya mata ba ita ta jawo wa kanta ciwo ba, wani ƙaramin ƙwaro ne da za a yi wa magani. Yaro mai jin laifi yana ɓoye yakushi na gaba don kada a kore masa dabba, kuma wannan ɓoyewar ita ce abin gudu. Ku yi alkawari tsakaninku: duk ranar da kyanwa ta taɓa ta da farce ko haƙori, za ta zo ta nuna miki, ku wanke tare da sabulu da ruwa, ba faɗa ba duka. Ki ɗaura mata ɗan tsumma a bakin zare a jikin sanda, ta riƙa yi wa kyanwar wasa da shi maimakon yatsunta, ta kuma daina kai fuskarta kusa da tata.

Ki rubuto min yadda yatsan ya kwana da abin da likita ya ce.